Ranar da Ƙande ta Haɗa Surukai a Zaure Ɗaya

Duk wanda ya san Dungas ya san ba a tambayar gidan Ƙande mai mai. In ka wuce inda 'yan kabu-kabu, masu haya da moto mai ƙafa biyu, suke jiran fasinja, ka bi lungun da ke bayan injin niƙa, hancinka ma zai ƙarasa da kai. Ƙamshin gyaɗa soyayya ya kama bangon gidan nan, ya kama tufafin mutanen ciki, har mijinta Maina in ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya ce yau ma an yi suya.

Sana'ar nan gado ce. Ƙande ta buɗe ido ta ga uwarta a bakin kasko, tana juya gyaɗa cikin yashi mai zafi. Tun ba ta kai tsawon taɓarya ba take murje ɓawo tana fecewa. Da ta tasa aka bar mata juyin turmi, inda ake zuba wa niƙaƙƙiyar gyaɗa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa, har mai ya fara tsattsafowa kamar gumi. Sai a matse, a ware mai gefe guda, abin da ya rage a mulmula shi ƙuli-ƙuli, a toya shi cikin man nasa. Da uwar ta rasu, 'yan'uwa suka raba abin da aka bari, Ƙande ta ce ita dai a ba ta baƙin kaskon nan. Ba wanda ya yi mata gardama, don ba mai son ɗaukarsa saboda nauyi.

Shekara da shekaru kasuwa ce gidanta na biyu. Ran kasuwar Dungas tana gindin dogon yaro da kwalabenta a jere. Ran ta Dogo-Dogo ta bi moto, ran ta Yekuwa ta hau amalanke ita da masu wake, ana tafe ana hira har a isa. Ba ta yi arzikin a zo a gani ba, amma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Maina yana noma hatsinsa, ita tana ɗauke da mai da gishiri da sabulu, 'ya'ya suka girma, kowa ya kama gabansa. In aka tambaye ta lafiya ta ce alhamdu lillahi, har cikin ranta take faɗa.

Sai gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Abin ya fara kamar wasa, ɗan tsami da safe, har ya kai in ta hau amalanke sai an kama ta an sauke. Likita ya duba ya ce ta rage yawo, ta rage ɗaukar kaya. Ƙande ta koma gida ta zauna, aikin hannu dai tana iyawa, amma kai kaya kasuwa ya gagara. Ita kuwa kasuwa ba ta da alkawari, wanda ido ya gani shi ake saye wa. Kafin a jima wata ta shimfiɗa buhunta a gindin dogon yaron, masu saye suka saba da sabuwar fuska. Suyar da ake yi kusan kullum ta koma jefi-jefi.

Mutum biyu ne suka riƙe mata wuta a murhu. Ta farko Hajiya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya mai rumfar abinci kusa da tashar Magarya, wadda tun zamanin uwar Ƙande ba ta zuba man kowa a tukunyarta sai na gidan nan. Na biyu Sadiƙu mai tsire, a nan Dungas, wanda yake dake ƙulinta ya haɗa yajinsa. Sadiƙu ɗan kawun Ƙande ne, taubashinta ke nan, tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya. Kuma shi ne yake auren Ummul Khairi, ɗiyar Hajiya Falmata ta fari. Wato dai manyan masu sayen Ƙande suruka ne da surukinta. Kowa ya san yadda wannan take: in Sadiƙu ya hango Hajiya a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon wani wajen. Bai taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan.

Ana nan sai ƙanen Ƙande, Laminu, ɗan kabu-kabu, magidanci mai 'ya'ya amma har yau kansa cike da dabaru, ya shigo wata rana da hantsi yana washe baki. Ya ce ya ga wani bidiyo a salularsa, yadda 'yan kasuwar manyan birane suke tara adireshin imel na masu sayensu, in sabon kaya ya zo su aika musu labari gaba ɗaya, ba sai sun fita ba. Ƙande ta tambaye shi su wa ke da wannan abu a Dungas. Ya ce gaskiya sai ma'aikatan meri, ofishin magajin gari, da wasu malaman lakwal, wato makarantar boko, amma ai ga Watsaf, yanzu da wuya ka sami gidan da ba mai shi, ko mai gida, ko ɗa, ko maƙwabci. In ƙafa ta ƙi zuwa kasuwa, sai a kawo kasuwar cikin gida.

Ya ba ta tsohuwar salularsa mai tsagaggen gilashi, ya koya mata inda za ta danna ta yi magana ta saki. Ƙande karatunta na allo ne, boko bai zauna mata ba, don haka suka yi dabara: kowane suna da ɗan hoto a gefensa. Hajiya Falmata tukunya, Sadiƙu harshen wuta, Laminu kansa moto.

Daga nan Laminu ya zauna a kan turmi ya buɗe gurup, ya sa masa suna Man Ƙande. Ya shiga kwaso lambobi daga wayarsa: fasinjojinsa, 'yan bikin da ya taɓa zuwa, dangi na kusa da na nesa, masu abinci, masu ƙosai, har da wani mai sayar da taya a Damagaram. Yana zubawa kamar mai kora awaki garke. Ƙande tana kallonsa, wani abu yana ɗan sosa mata rai.

"Laminu, ka kuwa tambaye su?"

"Yaya, wa ake tambaya kafin a yi masa alheri? Mai za ki sanar da su, ba haraji ba."

Ta ƙyale shi. A ranta ta ce wataƙila haka tsarin abin yake, kowane gari da irin gaisuwarsa.

Kwanakin farko abin ya yi daɗi. Ta saki muryarta, ta yi sallama, ta gai da kowa da iyali, ta ce ga mai sabo ga ƙuli mai ƙaras-ƙaras. Kafin la'asar wata malamar lakwal ta aiko a ajiye mata kwalba, wata mai ƙosai daga Dogo-Dogo ta ce a ba Laminu bido guda, wato jarka, ya taho mata da shi. Ƙande ta riƙa juya salular a hannu tana murmushi, kamar wadda aka ba jaririya.

Sai dai zauren da ba mai gadi, kowa da abin da yake shigowa da shi. Wannan ya turo wa'azi, wancan ya turo gaisuwar Juma'a mai furanni, wani ya sa cigiyar tunkiyarsa, mai taya ya fara tallan tayoyinsa. Salula ta riƙa ƙara ba dare ba rana, cajin da aka biya aka yi da safe kafin azahar ya ƙare. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba sallama, kamar yadda aka shigar da su. Laminu ya ce kar ta damu, in biyu sun fita zai zuba biyar.

Ranar da abin ya faru, Ƙande tana tsakar gida da hantsi, hannu dumu-dumu cikin tunkuza, sai ta ga harshen wuta ya bayyana a gilashi. Ta danna da ɗan yatsanta ƙarami. Muryar Sadiƙu ta cika gidan, ana jin ƙarar mafici a bayansa yana hura gawayi. Shi dai ya ga sunan Ƙande a sama, bai tsaya duba su wa ke ciki ba.

"Ƙande, baiwar gidanmu, ki ajiye mini ƙuli rabin buhu, kar ki cika gishiri irin na wancan karon. Kuma in kina da ɗumamen tuwo ki haɗo mini, yunwa za ta kashe ɗan kawunki. Matar nan da na ɗauko daga Magarya ko ruwa ta ɗora sai ya kama. Ni dai ban san a gindin murhun wa ta koyi girki ba."

Ƙande ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki, don duk Dungas an san tumbin Sadiƙu aikin hannun Ummul Khairi ne. Tana cikin shirya irin amsar da za ta mayar masa, sai dariyar ta yanke. A gindin murhun wa? Ai mai murhun tana cikin zauren. Matar da ta yi shekaru tana ciyar da matafiya a tashar Magarya, surukinta ya tambaya a gaban jama'a ko wa ya koya wa ɗiyarta girki.

Ta aika a nemo Laminu a tasha, ta ce ko yana da fasinja ya sauke. Kafin ya iso, masu dariya sun yi dariya, wani ma ya turo hoton fuska mai hawaye. Laminu ya karɓi salular ya duba, ya ɗago a hankali ya ce Hajiya ta fita. Suna tsaye sai ga wani rubutu ƙarami ya sake fitowa: Sadiƙu ma ya fita. Ashe wani abokinsa ya kira shi ya gaya masa. Aka ce tsinken tsiren da ke hannunsa sai da ya faɗi cikin toka.

Maina da ya dawo daga gona ya ji labari, ya sha ruwa tukuna. Sannan ya ce magana zarar bunu ce, ya ɗauki butarsa ya fita.

Kasuwa ta ci ta watse, wata ta zagayo, ba Hajiya ba labarinta. Sadiƙu kuwa ya daina bin lungun injin niƙa gaba ɗaya, sai ya zagaya ta bayan gari. Ba fushi yake da Ƙande ba, kunya ce ta hana shi haɗa ido da duk wanda ya ji muryar nan. Ya koma sayen ƙulin kasuwa, masu cin tsirensa suna ta tambaya ko ya canja hannu ne. Ummul Khairi ta leƙo gidan sau ɗaya, ta ce ita abin dariya ya ba ta, ta san bakin mijinta, amma mutumin ko abinci ba ya iya ci sosai, kuma ya ce shi da Magarya sai dai a kai gawarsa.

Mai ya taru a bido ba mai ɗauka. Ƙuli ya fara yin sanyi a buhu. 'Yan kwalaben da ake saye jefi-jefi ba su isa a hura wuta dominsu ba. Wata safiya Ƙande ta wanke baƙin kaskon ta kife shi a jikin bango, ta koma ta zauna tana kallonsa. Tun da take ba ta taɓa ganin bayan kaskon nan ya kwana yana kallon sama ba, sai makon da uwarta ta rasu. In Hajiya da Sadiƙu suka tafi, ta san ba ranar da za ta sake juyo shi.

Laminu ya ce bari ya kira Hajiya a waya ya ba ta haƙuri. Ƙande ta ce a'a, waya ce ta ɓata, ba ita za ta gyara ba. Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta ƙi. Washegari ta ɗaure gwiwa da tsohon ɗankwali, ta cika kwalba da man da ya fi kowane kyau, ta ƙulla ƙuli a leda, aka kama ta ta hau bayan moto. Duk ramin da suka faɗa sai ta ambaci Allah, har suka isa Magarya.

Suka tarar da Hajiya Falmata a rumfarta, zaune a kan kujera 'yar tsugune, ludayi a hannu, tana ba masu aikinta umarni. Ƙande ta lallaɓa za ta durƙusa, Hajiya ta ce ta bari, ta sa aka kawo mata benci. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi Maina da gona da gwiwa da ruwan bana, aka sake gaisawa. Da gaisuwa ta ƙare Ƙande ta ajiye kwalbar a gabanta, ta sunkuyar da kai ta fara cewa ta zo ne a kan maganar nan da aka yi a waya.

Hajiya ta katse ta. Ta ce wace magana? Ita wayarta tun kwanakin baya ta faɗa ruwan wanke-wanke, ba ta fitar da murya ko kaɗan. In an turo abu sai dai ta ga alama, ba ta jin kome.

Ba ta rufe baki ba wayar ta ɗauki ƙara daga cikin lalitarta, tsaf-tsaf kamar carar zakara. Masu aiki suka duƙar da kai cikin tukwane. Hajiya ko gezau.

"Ƙara tana yi," in ji ta. "Magana ce ba ta yi."

Ƙande ta gane. Dattijuwar ta shimfiɗa wa surukinta tabarmar da zai taka ya wuce, abin da ba a ji ba ai ba a faɗe shi ba. Ta ce to Allah ya ba wayar lafiya. Sannan ta yi ƙarfin hali ta tambaya, in haka ne me ya fitar da Hajiya, me ya sa kuma aka daina aiko wa da bido.

Hajiya ta ajiye ludayin.

"Ɗiyata, ɗakin da yaron nan yake zaune, ni ina zan zauna a ciki? Ko da bakinsa a ɗinke yake. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, uwarki ta yi shekaru tana kawo mini mai, ba ta taɓa shigo mini ba sallama. Ni kuwa na wayi gari na gan ni tsakiyar taro, da mai taya da mai tunkiya, ba wanda ya ce mini Hajiya za ki shigo? Na ce bari in zauna in gani, ko gidan nan har yanzu akwai mai sallama."

Laminu da ke tsaye jikin motonsa ya cire hula ya shiga sosa ƙeya. Ƙande ta ji maganar ta shige ta, don abin da ya sosa mata rai tun ranar farko ke nan. Ta gyara zama.

"Salamu alaikum, Hajiya. In na yi sabon mai, kin yarda in sanar da ke?"

"Wa alaikumus salam. Ki sanar da ni. Amma ni kaɗai, a ƙofata."

Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta ɗiga a bayan hannu ta lasa, ta ce man da take saye kwanakin nan kamar an wanke fitila da shi. Ta sa aka fito da bido biyu wayam aka ɗaure wa Laminu a moto. Da za su tafi kuma ta cika kula da burabusko da miyar yakuwa, ta zaɓo tsoka masu kyau ta jera a sama, ta ɗaure da kanta. Ta ce a kai gidan yarinyar nan, wato ɗiyarta, a ba mai gidan, kar a ce kome.

Da la'asar suka tsaya a teburin Sadiƙu. Yana hango su ya shiga neman abin yi a ƙarƙashin tebur. Ƙande ta ce ya fito, ita ba suruka ba ce. Ta gaya masa ta je Magarya ta tarar wayar Hajiya ba ta da lafiya, tun kwanaki ba ta fitar da murya. Sadiƙu ya dube ta, ya dubi Laminu, ya sake dubanta. Sai ta miƙa masa kular ta ce ga saƙo. Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa, ya tsaya kamar an dasa shi. Ya gane murhun da ya tambaya ne ya aiko masa da amsa. A nan ya zauna a kan benci ya cinye tas, gumi yana zuba. Da ya suɗe hannu ya matso kusa da ita, ya rage murya kamar mai neman aure, ya ce ko rabin buhun nan yana nan?

Ƙande ta ce yana nan, amma akwai tara. Duk wanda ya yaba tsirensa daga yau, sai ya gaya masa ƙulin waye. Ya ce ya ji ya ɗauka, baiwa ta zama uwar ɗaki. Sallar da ta zagayo kuwa ya shirya ya je Magarya gaisuwa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Hajiya ta amsa tana kallon wani wajen, kamar kullum.

Maganar ƙofa ita ta tsaya wa Laminu a rai. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce ya binciko, akwai wata hanya a cikin Watsaf ɗin: ka yi magana sau ɗaya, ta shiga wa kowa shi kaɗai, ba wanda yake ganin wani, in ya amsa ke kaɗai za ki ji. Sai dai tana da aibi guda, saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa da kansa. Ƙande ta ce in dai wannan ne aibin, ita ta saya. Ai sallama ke nan, sai an amsa ake shiga.

Ta yi wa mutanen gurup magana ta ƙarshe. Ta ba su haƙuri a kan shigar da su da aka yi ba shawara, ta ce za a rufe zauren, wanda yake son jin labarin mai ya ajiye lambarta ya turo mata ko da sallama ce. Laminu ya rufe. Cikin taron nan duka, waɗanda suka amsa ba su kai yawan yatsun hannu biyu ba. Ya dubi abin ya ce an koma baya. Ƙande ta juyo kaskonta ta ɗora a murhu, ta ce waɗannan dai masu cin mai ne.

Daga nan abin ya riƙa tafiya irin tafiyar amalanke, sannu-sannu amma ba tsayawa. Duk wanda ya shigo saye, in an gama ciniki sai ta tambaye shi ko yana so ta riƙa sanar da shi. In ya ce e, ya ajiye lambar a gabanta, ta ƙara masa ƙuli cikin hannu a kan gyaran da ta saba yi. In ya ce a'a, ta ba shi gyaransa yadda aka saba, su rabu da fara'a. Laminu yana rubuta lambar a 'yar takarda ya liƙa a jikin kowace kwalba, kuma ya koyi tambayar fasinja kafin ya taɓa lambarsa. Sadiƙu yana biyan tararsa a bakin wuta. Hajiya kuwa, duk mai girkin biki da ta zo neman shawara sai ta ce mata ta nemi ɗiyar nan ta Dungas. Malamar lakwal da aka mayar Damagaram ta haɗa ta da maƙwabtanta, yanzu har mota ake ba wa saƙo.

Ƙande ta yi wa kanta ƙa'idoji, ba wanda ya koya mata. Ba ta magana sai ranar da ta yi suya, don mai yawan sallama ko a gidan ubansa gundura yake. Wanda aka yi wa rasuwa, makon nan ba ya jin tallanta, sai ta sa Laminu ya cire shi, ta kira shi ta yi masa gaisuwa, in an share makoki a mayar. Wanda ya ce ya gaji a cire shi, ta cire, in sun haɗu a biki su gaisa kamar ba a yi ba. Hotunan gefen sunaye sun yi yawa har sun fara maimaituwa, akwai tukunya uku yanzu, amma ta san kowace da muryarta.

Gwiwa dai tana nan yadda take, wata rana da sauƙi wata rana sai a hankali. Gindin dogon yaro ya zama na wata, Ƙande ba ta ƙyashi, har takan aika mata da gaisuwa. Ran suya, in mai ya kwanta a kwalabe ya yi garau, sai ta wanke hannu, ta jawo kujera ta miƙe ƙafar, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Laminu yakan ce Yaya, ai ba ganinki suke ba. Ta ce ita ta san gaban mutane za ta shiga. Sai ta yi gyaran murya ta danna, ta yi sallama, ta tambayi gida da yara da gajiya, sannan ta ce ga mai ya samu.

Amsoshi su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na Sadiƙu yanzu gajere ne kamar wutsiyar akuya, sallama da rabin buhu, shi ke nan, tsiyar sai sun haɗu ido da ido, ya waiga hagu da dama tukuna. Na Hajiya Falmata kuwa shi yake riga kowa isowa, da doguwar gaisuwa da bido biyu a ƙarshe.

Ran nan Laminu yana ɗaure kaya a moto ya ji muryarta tana fitowa daga salular, ya ce ashe wayar Hajiya ta warke.

Ƙande ta tura itace cikin murhu, ta watsa wata tiyar gyaɗa a kasko.

"Ta warke sarai," in ji ta. "Murya ɗaya ce dai har yau ba ta kamawa."